Barka da Sallah daga Banda Aceh, ƙasar Indonesiya

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Mun riga ku da awa shida, lokacin da muke sahu a Masallacin Baiturrahman kuna tsakiyar barci. Nama kam na ci har na ture, don a nan jajibirin Sallah kowane gida sai ya sayi na shanu, al'adar da suke kira meugang. Tuwon Inna da miyar taushe ne dai babu.

Inna, kin tambaye ni a waya ko gaskiya ne ƙasar nan ruwa na cin mutane, na yi ta kwana-kwana. Yau zan faɗa.

Muna saukowa daga Idi, dattijon da nake haya a gidansa ya ce in raka shi ziyara. Muka je maƙabartar Siron, kan hanyar filin jirgi. Fili ne shimfiɗe da ciyawa, ba kabari ko ɗaya mai suna, amma sama da mutum 46,000 ke kwance a ƙasa. Ya zauna ya buɗe Yasin, ga mutane ko'ina da kayan Sallarsu suna yin haka. Da ya shafa sai ya ce mu wuce ta Ulee Lheue, don bai san a wacce matarsa da 'ya'yansa biyu suke ba. Duk Sallah sai ya zaga duka biyun. Wallahi Baba, na kasa cewa uffan.

A hanya ya ba ni labari. Ranar Lahadi ce, 26 ga Disamba 2004, dab da ƙarfe takwas na safe. Ƙasa ta yi ta rawa har tsayuwa ta gagara, girgiza mai ƙarfin 9.1. Can ƙarƙashin teku akwai wani falalen ƙasa da ke kutsawa ƙarƙashin wanda ke ɗauke da tsibirin Sumatra. Sai ya maƙale shekaru aru-aru, ranar da ya suɓuce kuwa gindin teku ya yi tsalle, kamar a daki daro cike da ruwa ta ƙasa. Teku ya fara ja da baya, kifi na ta watsal-watsal a yashi, wasu suka ruga tsinta. Ba a yi rabin awa ba ruwa ya shigo gari, baƙi ƙirin. Mutum wajen 230,000 suka rasu a ƙasashe 14, har Somaliya. Akwai jirgin ruwa mai tan 2,600 da igiyar ta ajiye tsakiyar unguwa, yana nan har yau, na taɓa shi da hannuna.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tsibirin Simeulue. Yana kusa da inda abin ya fashe, amma mutum bakwai kacal suka rasu. Tun ambaliyar 1907 kakanni ke rera wa jikoki cewa in ƙasa ta girgiza teku ya janye, smong ne, wato ambaliyar teku a yarensu, a gudu kan tudu. Suka gudu. Sai na tuna tatsuniyoyinki na dandali, Inna.

Ni ma na ɗauki karatun. Takalmina na bakin ƙofa, fasfo na cikin leda, kuma na san dogon benen da zan hau. Da ƙafa zan tafi, don a girgizar 2012 motoci da babura sun cunkushe hanya. A dai ci gaba da sa ni a addu'a.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya, a ba yara nasu, a kai wa Gwaggo. In an sami mai zuwa, yaji da kuka nake so.

Ɗanku