Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Legas: A Duba Zanen Banɗaki Kafin a Ba da Izinin Gini

Mai Girma Gwamna Babajide Sanwo-Olu,

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Ni mai aikin famfo ne mazaunin Agege, a kasuwanni, tashoshin mota da makarantu nake neman abincina. Roƙona shi ne a umarci hukumar LASPPPA mai ba da izinin gini, da LASBCA mai sa ido a kan aikin, su riƙa bin zanen banɗaki da bututunsa dalla-dalla, kamar yadda ake bin ginshiƙi da rodi.

Yawancin zanen da ke zuwa hannunmu an yi shi ne domin mai amfani da takarda. Alhali masu shiga, tun daga ɗan dako a Mile 12 har mai sayar da dabbobi a Alaba Rago, da ɗimbin maƙwabtanmu Yarbawa, da ruwa suke tsarki. Sai ka tarar an shimfiɗa tayil mai santsi, an kafa masai na zama, amma babu famfo a ciki, babu kafar da ruwa zai bi ya fita. Mutum ya shigo da butarsa, ruwa ya kwanta, na bayansa ya tattare wando yana sanɗa. Wanda bai saba da na zama ba kuwa sai ya hau bisansa da takalmi ya tsuguna, har tangaran ya tsage. Fasasshen tangaran yanka yake kamar aska. Gyaran ba tsada gare shi ba idan tun a takarda aka yi shi: famfo ƙasa-ƙasa a kowane ɗaki, daɓe ya ɗan karkata zuwa magudana, a kuma haɗa masai na tsuguno da na zama. A ware wurin alwala a waje, da dakalin zama da kwatarsa, domin rashinsa ne ke sa mutane ɗora ƙafa a kwamin wanke hannu har ya ɓalle daga bango. In fili ya ba da dama, a kauce wa sa mai tsuguno ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. A nan Legas tana wajen arewa maso gabas ne.

Abin da ya fi tayar min da hankali yana ƙarƙashin ƙasa. Ruwan Legas a kusa yake, musamman a tsibiri da Lekki, inda tono kaɗan kake cim masa. Da damina ta kankama sokawe, wato ramin da ruwan masai ke tsanewa a cikinsa, ya daina shanyewa, ƙazanta ta dawo da baya. Ƙa'idar da masana tsaftar ruwa suka sani ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, amma na sha ganin rijiyar burtsatse da sokawe katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma daga rijiyar nan ake shan ruwa. Kwalarar da ta ɓarke a jihar nan a watan Yunin 2024 ba a manta da ita ba. Inda ƙasa ba ta shan ruwa, a wajabta rufaffen tanki marar yoyo, a kuma bar wa motar yasa hanyar isa gare shi, kada a gina shaguna a kan murfin. Bututun masai kada ya gaza inci 4, ya samu gangara daidai, da bututun fitar da wari har sama da rufi, da ramin dubawa a kowace kwana, don kada a fasa daɓe duk ranar da ya toshe.

Mata kuma ana raba musu ɗakuna daidai da maza, bayan maza na da wurin fitsari daban, su kuma ga goyo ga ɗan rakiya. A ƙara musu yawa, ƙofarsu ta yi nesa da ta maza. Dokar kare naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta a sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a, don haka ɗaki ɗaya mai faɗin ƙofa, da ƙarfen dafawa, marar matakala, haƙƙinsu ne.

Ranka ya daɗe, mu ba a kiranmu sai an gama zuba kankare, a ce mu nemi inda bututu zai bi. Muna roƙon a sa sharaɗi cewa injiniyan ruwa ya sa hannu a zanen tun kafin a haƙa tushe, jami'an LASBCA kuma su zo su ga bututun da idonsu kafin a binne shi.

Allah ya taimaki Gwamna, ya ba shi ikon dubawa.

Naka,
Mai aikin famfo daga Agege