Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da muke sayen tikitin jirgi a shafinsa: ku daina sauya mana harshe

Zuwa ga Shugaban Kamfani da ma'aikatan sashen fasaha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu abokan cinikinku ne, Hausawa mazauna ƙasashen waje, kuma gina shafukan intanet ce sana'ar yawancinmu. Mun rubuto ne kan matsala guda da ta daɗe tana ci wa jama'armu tuwo a ƙwarya: shafinku yana zaɓa wa mutum harshe bisa ƙasar da ya kwana, ba bisa harshen da yake ji ba. Ɗan kasuwar da ya je sari Istanbul ya buɗe, sai Turkanci. Ɗalibi a Berlin ya ga Jamusanci, mai Umara a Makka ya ga Larabci, wanda ke Guangzhou kuwa rubutun Sin zai tarar tun daga sama har ƙasa. Mun sakaya sunanku ne saboda ba tozarci muke nufi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mun san daga ina abin ya taso. Da zarar an buɗe shafin, sabarku, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana duba adireshin IP na mai shigowa, wato lambar da na'urarsa ke fita intanet da ita, ta nemo ƙasar da aka danganta da shi, ta tura mutum sashen wannan ƙasa. To, adireshin IP bai san harshe ba, ko wurin ma hasashe yake yi. A ɗauki alhaji a ɗakin otal a Makka. In ya hau Wi-Fi na otal, adireshinsa na Saudiyya ne, shafinku zai fito da Larabci, komai ya koma daga dama zuwa hagu. In ya kashe Wi-Fi ya kunna datar layinsa na gida, galibi datar kan bi ta kamfanin layinsa na Nijeriya kafin ta fita, sai ku ɗauka yana Kano, ku ba shi Turanci. Mutum ɗaya ne a kan gado ɗaya, waya ɗaya a hannunsa. Ko da hasashen ya yi daidai, ƙasa ba harshe ba ce: Beljiyam tana da harsunan hukuma 3, Suwizalan tana da 4. Abin da kuke yi bai bambanta da a ce Bahaushe ya zama mai jin Yarbanci ba tun da motarsu ta tsaya a Legas.

Abin takaicin shi ne ba ku da bukatar wannan hasashe, domin burauzar kowa, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome da Safari, tana faɗa muku harshen da yake so a duk bukatar da ta aiko. Akwai layi a cikin saƙon mai suna Accept-Language, yana cikin ƙa'idar HTTP, wadda burauza da saba ke magana da ita, tun shekarun 1990, kuma yana nan a kundin ƙa'idar na 2022 mai suna RFC 9110. Na Bahaushen Nijeriya zai iya zuwa kamar haka: ha-NG,ha;q=0.9,en;q=0.8. Ma'anarsa a ba ni Hausa, in babu a ba ni Turanci. Lambar da ke bayan q nauyin zaɓi ce, daga 0 zuwa 1. Na mutumin Damagaram ko Maraɗi zai iya zama ha-NE sannan fr, wato Faransanci ne madadinsa, ba Turanci ba. Mun gwada shafinku da waɗannan jeri daga ƙasashe daban-daban, amsar ba ta sauya ba sai in adireshin IP ya sauya. Ke nan ko duba layin ba ku yi. Ba mu ce ba ya kuskure ba, wanda ya sayi waya a Dubai bai taɓa saitunanta ba zai iya aiko da harshen da ba nasa ba. Amma ya fi adireshin IP kusa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Za ku ce ai akwai maɓallin sauya harshe. Akwai, amma a can ƙasan shafi, bayan an wuce tallace-tallace, kuma sunansa a rubuce yake da harshen da mutum ke neman tsira daga gare shi. Wanda bai iya Turkanci ba ta yaya zai san cewa Dil ce kalmar da zai danna? In ya yi sa'a ya danna, jerin ma da Turkanci yake: Turanci ya zama İngilizce, Faransanci ya zama Fransızca. A sashen Sin abin ya fi muni, don ko harafi ɗaya ba zai gane ba. Yadda ake yi shi ne a rubuta kowane harshe da sunan da masu shi ke kiransa: English, Français, Deutsch, Türkçe, a sa maɓallin a saman shafi da alamar ƙwallon duniya. Tutoci kuma ku cire su. Tutar Ingila ba ta ce wa mutumin Kumasi komai game da Turancinsa ba, tutar Nijeriya kuwa harshen wa za ta wakilta?

Ko an zaɓa, zaɓin ba ya zama. Mun gano dalilai uku. Na farko, kuna ajiye shi a kuki, wato ɗan bayanin da shafi ke bari a burauza, kuma JavaScript, lambar da ke aiki a cikin burauzar, shi ke rubuta shi, alhali tun 2019 Safari ta taƙaita rayuwar irin wannan kuki zuwa kwana 7, don haka mai iPhone zai iya wayar gari bayan mako guda ya ga an mayar da shi inda ya fito. Ku sa sabar ta rubuta kukin da kanta, ku ba shi shekara guda. Chrome tana yarda har kwana 400. Wanda kuma ya yi rajista da ku, a ajiye harshensa a asusunsa, ya bi shi duk na'urar da ya hau. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Lokacin da kuke tura mutum daga babban adireshinku zuwa sashen wata ƙasa, lambar 301 kuke amfani da ita, wadda ke nufin an ƙaura ke nan har abada. Burauza tana haddace wannan. Shi ya sa ɗan kasuwa zai dawo Kantin Kwari da kayansa, ya buɗe shafinku, har yanzu Turkanci yake gani, sai ya goge ajiyar burauzarsa. Lambar 302 ko 307 ce ta dace da turawar da ta danganta da mai shigowa. Na uku, duk amsar da aka zaɓa bisa harshe tana bukatar layin Vary: Accept-Language, in ba haka ba sabobin da ke ajiye kwafin shafi a hanya za su miƙa wa mutum kwafin da aka yi wa wanda ya riga shi.

Inda abin ya daina zama ɓacin rai ya koma asarar kuɗi shi ne wurin biya. Mutum ya lallaɓa ya cike komai da Turanci, yana isa shafin biyan kuɗi, wanda ke kan wani adireshi dabam, sai harshen ƙasa ya dawo. A nan ne sharuɗɗan mayar da kuɗi suke, da nauyin kayan da aka yarda, da akwatin inshorar da ba kowa ke so ba. Rubutun lambobi ma yana juyawa. A Jamus da Turkiyya 1.250 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, waƙafi kuma shi ke raba sulalla, akasin yadda aka saba a Nijeriya da Gana. Kwanan wata 03/04 a sashen Amurka 4 ga Maris ne, a wurare da yawa kuma 3 ga Afrilu. Ku rubuta sunan watan da haruffa, magana ta ƙare. Bayan an biya, imel ɗin tabbaci da saƙon sauyin lokacin tashi su ma da harshen ƙasar suke zuwa. Wanda aka sanar da shi an matso da jirginsa da awa uku cikin harshen da ba ya ji, ba a sanar da shi ba.

Jama'a suna ta dabaru. Wasu suna gyara adireshin da hannu, su goge tr na Turkanci ko de na Jamusanci su rubuta en na Turanci, shafin kuma ya sake wurgo su baya. Wasu sun shiga Settings na Chrome, sun danna Languages, sun ɗaga harshensu zuwa saman jeri, wanda shi ne daidai, sai dai bai da amfani ga shafin da ba ya sauraro. Fassarar burauza tana taimakawa wajen gane hanya, amma ba a dogara da ita a sharuɗɗan kuɗi, kuma ba ta taɓa rubutun da ke cikin hoto. Masu VPN, manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa mutum yake, su suka fi shan wahala: irin kuɗin da ake nuna farashi da shi yana sauyawa, tsarin kama zamba yana iya ƙin katin saboda wuri bai dace ba, a Sin kuma an takura amfani da shi.

Tarayyar Turai ta riga ta yi hukunci a kan irin wannan ɗabi'a. Dokarta mai lamba 2018/302, wadda ta fara aiki ranar 3 ga Disamba 2018, ta hana ɗan kasuwa karkatar da mai saye zuwa wani sashen shafi saboda ƙasarsa ko mazauninsa ba tare da yardarsa ba. Mun san an keɓe harkar sufuri daga cikinta, don haka ba barazanar kotu muke yi ba. Google ma a jagorarsa ga masu shafuka ya ce a guji tura mutum kai tsaye bisa harshen da aka zata nasa ne.

Bukatarmu ba ta da tsada. Ku raba ƙasa da harshe su zama zaɓi biyu, ta yadda mazaunin Jidda zai biya da Riyal yana karanta Turanci ko Faransanci. Wajen zaɓen harshe ku bi wannan tsari: abin da ke cikin adireshin da mutum ya buɗe, sai abin da ke asusunsa, sai kuki, sai Accept-Language. Adireshin IP ya zo ƙarshe, shi ma a matsayin tambaya a ɗan layi a saman shafi, wadda za a iya rufewa. Kowane harshe ya samu adireshinsa tsayayye mai alamar hreflang da ke nuna harshen shafin, don in ɗa ya tura wa mahaifinsa mahaɗi ta WhatsApp, abin da ya gani shi uban zai gani. Harshen kuma ya bi mutum har shafin biya, da imel, da rasit. Ba mu ma kai ga roƙon sashen Hausa ba tukuna, ko da yake in kun tashi yi, ku tabbata rubutunku na ɗaukar ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ ta mutanen Nijar.

Muna neman amsa a rubuce cikin kwana 30, mai ɗauke da ranar da za a sauya 301 ɗin nan da ranar da maɓallin harshe zai hau sama, don waɗannan biyun ba za su ci wa ma'aikacinku wuni guda ba. In sashen fasaha na son jerin gwaje-gwajen da muka yi, za mu aika.

Wassalam,
Abokan cinikinku Hausawa mazauna ƙasashen waje