Batun Saramago da Baibul

Malam Edita, barka da aiki.

Wallahi maganar José Saramago, marubucin Fotugal ɗin nan da ya ci kyautar Nobel a 1998, har yau tana ci mini rai. A 2009 da ya fitar da littafinsa kan Kayinu, ɗan Adamun nan da ya kashe ɗan'uwansa, sai ya ce wai Baibul littafin koyar da mugun hali ne, haba, abin da miliyoyin mutane ke rantsuwa da shi! Limaman Katolika na ƙasar suka ce talla kawai yake yi wa littafinsa, kuma ni na yaba musu sosai, don da baki suka rama, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Ya rasu 2010, jaridar Batikan, wato fadar Paparoma, ta sake caccakarsa, to nan kam ban ji daɗi ba gaskiya, mutum ya riga ya tafi.

Naka,
Wani mai karatu