Babana, kafin ka zurfafa a kundin nan naka

Assalamu alaikum Babana, da fatan kana lafiya, ya sanyin can, ya karatu. Mu nan duk lafiya lau, Alhamdulillah.

Na karanta babin farko na kundinka da ka turo ta WhatsApp, sau biyu ma na karanta shi, na biyun da biro a hannu kamar lokacin da nake duba takardun ɗalibai. Wallahi naji daɗi, kuma kar ka damu da masu cewa wai an tura yaro har Amurka ya je yana kallon fim, ni na san karatu ne kake yi kuma mai wuya. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai shi yasa na zauna rubuta maka wannan, don a waya kullum sauri kake.

Shafi ashirin da wani abu ka rubuta kan John Ford, daraktan fina-finan kaboyi na Amurka, na ƙirga sunayen masana sun fi goma, wane ya ce wane ya ce, amma ban ga wuri ɗaya da ka ce ga abin da idona ya gani ba. Ka kawo Truffaut da rubutunsa na 1954 a mujallar Cahiers du Cinéma, ka kawo Andrew Sarris da ya ɗauko maganar ya kai Amurka a 1962 cewa darakta shi ne mai fim kamar yadda marubuci yake mai littafi, ka kawo Pauline Kael da ta yi masa raddi a 1963, duk daidai ne. To amma su waɗannan mutanen ai a kujerar silima suka samo ra'in nasu, sun kalli fim ɗaya sau ba adadi kafin su ɗauki alƙalami. Darakta Orson Welles da kansa ya faɗa cewa lokacin da yake shirin Citizen Kane, Stagecoach na Ford ya dinga sawa yana maimaitawa wajen sau arba'in, yaro ɗan shekara 25, kuma da wannan kallon ya fitar da fim ɗin 1941 da har yau kuke jarrabawa a kansa. Kai sau nawa ka kalli Stagecoach ɗin?

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Muna samari a Kano muna zuwa silima, Plaza ko El Dorado, a ɓoye, don a lokacin ɗan gidan mutunci ba a son a ganshi a ƙofar silima. Fim ɗin Indiya yafi cika fili amma ni ɗan kaboyi ne. Ba rufi, sama a buɗe, sai an yi isha duhu ya sauka sannan a kunna, kana ganin ƙwari suna yawo cikin hasken injin, mai gyaɗa da mai rake suna ratsa benci. Turancin ba ma ji sosai, kuma ba mu damu ba tunda hoton yana gaya mana komai, da jarumi ya fito mun san shi ne, tun daga yadda kyamara ta matso fuskarsa. In 'yan asalin ƙasar Amurka suka sauko daga tudu a kan dawakai da gashin tsuntsu a ka, sai fili ya ɗauki ihu, duk wanda aka harbo ya faɗo daga doki sai tafi da fito, ni ma ina ciki ina tafawa har hannuna ya yi zafi. Sai da na girma na fara koyar da tarihi sannan abin ya dawo min, ashe mutanen da aka ƙwace wa ƙasa nake tafa wa faɗuwarsu, mu da kakanninmu suka ga shigowar Turawa Kano a 1903. Babu wanda ya tsaya ya yi mana huɗuba, inda aka ajiye kyamara ne kawai, tana cikin keken doki tare da fararen tana leƙo waje, mu ma sai muka tsinci kanmu a ciki.

Wannan nake so ka bi a kundinka, kuma kana da abin da 'yan ajinku da yawa ba su da shi. Ford ya ɗauki Stagecoach na 1939 a Monument Valley, ƙasar Navajo ce a iyakar Arizona da Utah, kuma 'yan Navajo ɗin ya dinga ɗauka suna fitowa a matsayin wasu ƙabilun, yau Apache gobe Comanche, kamar duk ɗaya ne. A The Searchers na 1956 ma shugaban Comanche ɗin Bature ne haihuwar Jamus, Henry Brandon, aka shafa masa kala. Kuma fa duk da haka fim ɗin ba ƙaramin aiki bane, kar ka ce na ce ka zage shi. Dubi ƙarshensa da ka turo min, kowa ya shige gida, jarumin fim ɗin John Wayne ya tsaya shi kaɗai a bakin ƙofa, mu muna ciki cikin duhu shi yana waje cikin rana da ƙura, ya riƙe gwiwar hannunsa ya juya ya tafi, ƙofa ta rufe. Na mayar da wurin nan baya sau biyar. Mutumin da ƙiyayya ta cinye ba shi da wurin zama a gidan da ya yi yaƙi dominsa, kuma ba wanda ya furta hakan da baki, ƙofa ce ta faɗa. Ka zauna da minti ɗayan nan ka rubuta shafi uku da kalmominka, sannan ka kira masana su zo su yi maka shaida ko su musa maka.

Sai maganar darakta shi ne komai, ni dai ban gamsu da ita gaba ɗaya ba, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Welles ma ya saka sunan mai ɗaukar hotonsa Gregg Toland a allo ɗaya da nasa a Citizen Kane, kuma rigimar wa ya rubuta labarin tsakaninsa da marubuci Herman Mankiewicz har yau ba ta mutu ba. Ga kamfani da ke riƙe da kuɗi, ga dokar tace fina-finai ta Hays da aka tsananta daga 1934, wadda ta hana abubuwa da yawa fitowa fili har daraktoci suka koyi faɗar magana da inuwa da rufe ƙofa. In zaka yabi Ford ka yabe shi, ya ci kyautar Oscar ta darakta sau huɗu kuma ba ko ɗaya a fim ɗin kaboyi, amma ka nemi sunan waɗanda suka riƙe masa fitila suka haɗa hoton.

Kuma don Allah ka leƙa Moustapha Alassane na Nijar, a 1966 ya yi fim kan saurayin da ya dawo ƙauye da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi gari. Mu ne a fim ɗin nan, samarin bencin silima. Ka nuna wa malamin da ke duba kundinka, ina ganin zai baka babi guda.

Ka kula da sallah akan lokaci, kallon dare kar ya cinye maka asuba, ka dinga cin abinci mai zafi. Mamanka ta ba wanda zai taho wata mai zuwa yaji da kuka da daddawa, tace ka kira ta ranar Juma'a. In ka gyara babin ka sake turo min, kuma ka haɗo min da Stagecoach ɗin cikakke wanda zai buɗu a wayata, ina so in sake kallon wurin da suke saukowa daga tudu.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka