Wasiƙa zuwa Fatakwal, kan fitilar ruwan nan

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum, Bakano,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da kai da Hajiya da yara. Shirun ya yi yawa, mutumina. Tun Sallah babba ban ji ɗuriyarka ba sai alat na kuɗin burtsatsen masallaci, ko layi ɗaya na gaisuwa babu. Halinku na Kanawa ke nan, kuɗi ya yi magana, baki ya huta. An karɓa dai, Liman ya yi addu'a, Allah ya saka da alheri.

Kuɗin nan ne ma ya sa na zauna rubutu, don kwamiti ya rabu biyu a kansa. Ka san a farkon damina auta ta kwanta da taifot, har sai da aka ƙara mata ruwa. Ta warke sarai, alhamdulillahi, ta koma Islamiyya. Bayan nan na sa aka ɗaura mana fitilar UV, wato ta hasken ultrabayolet mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, a famfon kicin. Kawu ya zo ya gani ta burge shi, shi ne yanzu ya dage sai an sayi babba an haɗa a burtsatsen masallaci da gudummawarku. Ni da na fara sa ta a gidana, ni ne nake cewa a dakata, har wasu suna kallona kamar ina yi wa unguwa baƙin ciki.

Aikinta kam tana yi. Wani bututun ƙarfe ne, a cikinsa doguwar fitila a kuben gilashi, ruwa yana bi ta gefenta. Hasken da take fitarwa, ultrabayolet mai tsawon zango nanomita 254, yana lalata ƙwayar halittar ƙwayoyin cuta, su kasa hayayyafa, to ba su iya sa mutum ciwo. Na kwalara, na taifot, duk yana gamawa da su cikin daƙiƙu. Akwai ma wata ƙwaya mai taurin kai, Cryptosporidium, wadda kulorin ba ya iya mata sosai, ita ce ta kwantar da mutum sama da 400,000 a Milwaukee ta Amurka a 1993, amma hasken nan yana karya ta. Ba sabon abu ba ne, tun 1910 aka gwada shi a ruwan birnin Marseille na Faransa, kuma masu fiya wata na kirki a nan Zariya ma da shi suke aiki. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne ba ya canja ɗanɗano. Ka san Inna, da ta ji warin kulorin za ta ture kofi ta ce ruwan asibiti ne. Wannan kuwa tana sha ba ƙorafi. Gas ɗin tafasa ruwa ma ya ragu.

Damuwata ita ce abin da ke faruwa bayan ruwa ya fita daga famfo. Hasken ba ya barin komai a cikin ruwa da zai ci gaba da gadinsa. Kulorin yana zama a ciki na wani lokaci, in ƙazanta ta shiga ya kashe ta. Fitila kuwa iyakarta bututunta. To ka dubi yadda muke ɗibar ruwa a unguwa. Ɗan ga-ruwa ya zo da kura, jarkokinsa ciki ya yi kore, ya cika, ya tura har lungu, a juye a randa, yara su yi ta tsoma moɗa da hannun da Allah kaɗai ya san inda ya taɓa. Ina amfanin hasken da aka haska a masallaci? Abin da ya fi ba ni tsoro, mutane za su ji an ce ruwan masallaci yanzu na inji ne, matan da ke tafasa wa jarirai su daina.

Af, na tuna, mai shayin nan namu na bakin Kongo ya aurar da babbar 'yarsa, ya ce in gaya maka har yanzu sunanka yana littafinsa. Na ce masa Bakano ba ya manta bashin da yake bi, wanda ake binsa ne kawai ke kwanta masa.

Mu koma. Sai maganar wuta. In an ɗauke, fitila ta mutu, amma ruwa ba ya tsayawa, yana zuba kamar kullum, ba launi ba wari da zai gaya maka bai samu haske ba. A gida na haɗa tawa da inbata, kuma na kafa doka: in ɗan koren hasken akwatin bai kama ba, kada a sha. Wa zai tsaya yana duba wannan a masallaci da asuba? Kunnawa da kashewa barkatai ma yana rage mata kwana. Ko lafiya lau take, bayan kamar awa 9,000, wato wajen shekara guda, sai an canja ta, ko da tana ci, don ƙarfin hasken ya ragu ido ba ya gani. Ka san kwamitinmu, kuɗin sayen sabon abu ba ya wuya, na gyara ne aiki.

Ga kuma gurɓata. Yanzu da ake ruwa, wani lokaci ruwan tankin yana fitowa ja-ja. Ƙwayar cuta tana fakewa bayan ƙurar laka kamar yadda mutum ke fakewa a inuwar katanga da rana tsaka, haske ya wuce bai taɓa ta ba. Dole a sa matata kafin fitila, mai ƙananan ƙofofi sosai, wadda ake ce wa ta maikiron 5, a riƙa canja ta, a kuma riƙa goge kuben gilashin, don tsatsa da farin dattin ruwa suna dusashe shi. Sannan ba ruwanta da guba. Dalma irin wadda ta yi ɓarna a Zamfara a 2010, ko sinadarin taki, ko abin da ke tsiyayowa daga masai zuwa rijiya a cikin birni inda gidaje suka matse, in dai sinadari ne, fitila ba ta cire shi. Ita kanta akwai zaiba a cikinta, ba a jefar da tsohuwa a bola inda yara ke tone-tone, kuma ba a kallonta tana ci, tana ƙona ido.

Shawarar da na kai wa kwamiti: a fara kai ruwan a auna shi a ɗakin gwaji a Samaru, a wanke tanki, a yi masa murfi, a gyara dandamalin siminti don ƙazamin ruwa ya daina komawa ƙasa, sannan a riƙa sa kulorin daidai awo, a wanke wa 'yan ga-ruwa jarkoki. Mai hali ya sa fitila a gidansa, nan ne wurinta, daga famfo sai kofi. Marar hali kuma akwai rana kyauta: gorar roba mai haske, a cika da ruwa garau, a kwantar a kan kwano awa 6, in da hadari sosai kwana 2. Kawu ya ce wannan aikin talauci ne. Na ce masa hasken UV ne shi ma, na Allah.

Tunda kai ka fi kowa zubawa, maganarka za ta yi nauyi. Ka kira Kawu, amma a hankali, ka san shi in ya ji kamar an haɗa masa kai.

Masara ta fara fitowa a Sabon Gari, tsada sai ka ce zinariya. Ƙanenka ya zo neman shiga jami'a, ya kwana biyu a wurinmu, ya fi ka natsuwa nesa ba kusa ba. Maman yara tana tambaya ko Hajiya ta samu daddawa da kukar da aka aika ta hannun direban nan, don ba mu ji komai ba. Inna tana gaishe ka, ta ce in ka zo kada ka sake wucewa Kano ta Kwangila ba ka tsaya ba, labari yana zuwa mata.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
Bazazzagi