Ƙarfen Askin Kawu

Assalamu alaikum, mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da sanyin nan da kullum kake kuka da shi. Na san laifina ne. Wata huɗu ke nan saƙonka yana jiran amsa, kullum in ce gobe, har kunya ta fara hana ni. Amma bari in sauke abin da ke cina, don in ba kai ba ban ga wanda zai saurare ni har ƙarshe ba.

Ƙurajen wuyana sun mutu. Wallahi sun mutu! Kai ne shaida, tun muna makaranta nake fama da su, duk ranar da na yi aski kwana biyu ba na iya ɓalle maɓallin wuyan riga. Yau sati bakwai ke nan ko ɗaya bai fito ba. Kuma maganin ba daga kantin magani ya zo ba, daga akwatin marigayi Kawu ya fito, Allah ya jiƙansa.

Da aka zo raba 'yan kayansa, Yaya ta ware wata tsohuwar jaka ta ce tarkace ne, a zubar. Ina leƙawa sai ga abin aski na ƙarfe, irin wanda ake sa wa reza mai baki biyu, duk busasshen sabulu ya daskare a jikinsa, tare da wani buroshi da gashinsa ya kusa ƙarewa. Na ɗauko ne kawai don tunawa da shi. Ka san yadda yake tsayawa gaban madubi da tawul a kafaɗa, ba ya son kowa ya yi masa magana sai ya gama. Na jiƙa ƙarfen a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, na bi lungunansa da tsohon buroshin haƙori, kwana uku ina yi, sannan na tsoma shi a sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Sai ga shi yana walƙiya. Ashe ba ƙarfen da ke tsatsa ba ne, tagulla ce aka lulluɓe da nikel, shi ya sa shekaru ba su ci shi ba.

A ƙarƙashin kansa na ga an buga harafin E da lamba 2. Na yi ta bincike har na gane. Kamfanin Gillette ya kasance yana buga harafi don shekara, lamba kuma don rubu'in shekara. A ita ce 1955, saboda haka E ta zama 1959, lamba 2 kuwa tsakanin Afrilu da Yuni. Ka ji fa! Ya girme ni, ya girme ka, ya ma girmi mutumin nan namu da ke rage shekarunsa duk lokacin da aka tambaye shi. Masu tara irin waɗannan kaya suna kiransa Fatboy saboda kaurin mariƙinsa, daga 1958 zuwa 1961 kawai aka ƙera shi, kuma sunansa na asali 195, don dala ɗaya da santi 95 aka riƙa sayar da shi a Amurka. In ka murza gindinsa sai kansa ya buɗe gida biyu kamar ƙyauren taga, ka ɗora reza, ka murza ya rufe. A wuyansa akwai zobe mai lamba 1 zuwa 9, shi ke ƙara ko rage tazarar da ke tsakanin bakin reza da ƙarfen da ke tsare fata. Ni a 3 nake tsayawa a wuya, kumatu kuwa ina kai 5.

Na san yanzu kana dariya kana shafa wannan dajin da kake kira gemu. Kwantar da hankalinka, nawa gemun yana nan, ban taɓa shi ba, wuya da gefen kumatu kawai nake gyarawa. Kai ne ya kamata uwargida ta kai ƙara, hoton da ka turo na ƙarshe sai da ƙaramar 'yata ta tambaye ni ko kai ne kakan yaran.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dalilin. Shekara da shekaru ina sayen abin aski mai reza uku, mai biyar, ina ganin yawan reza shi ne inganci. Ashe ga mai gashi irin namu, mai nannaɗewa, nan matsalar take. Reza ta farko takan ɗan jawo gashin, ta bayanta ta yanke shi, sai guntun ya koma ƙasa da fata. Da ya fara tsiro, maimakon ya fito waje, sai ya lanƙwashe ya soki fata daga ciki, shi ne ƙurjin. Reza ɗaya kuwa daidai saman fata take yankewa ta wuce. Shi ke nan fa. Abin da na sha wahalarsa shekara ashirin.

Amma sai an koyi hannu. Ranar farko na danna shi kamar yadda na saba danna na roba, na yanke haɓa wuri biyu. Ba a danna shi ko kaɗan, nauyinsa ya isa, kai dai ka karkata mariƙin har ka ji reza ta fara kama gashi, wajen digiri 30, ka riƙa ja gajere-gajere. Sai kuma sanin inda gashi ya kwanta. Na bar wuyana kwana uku ba aski, na bi shi da yatsa, sai na tarar a gefen hagu gashin sama yake kallo, a dama kuwa ya nufi kunne. Duk rayuwata gaba da shi nake yi ban sani ba. Yanzu ina bin kwanciyarsa sau ɗaya, in sake shafa kumfa in ratsa shi ta gefe, in tsaya nan. Masu son fuska ta yi sumul suna ƙara zagaye na uku, su tunkari gashin, amma ni wuyana ba ya ɗauka.

Af, kafin in manta. Ƙanenka ya zo mini makon jiya da maganar auren nan, kuma da alama wannan karon da gaske yake, har ya daina wannan surutun nasa. Na ce masa ya kira ka da kansa, kada ka ji a bakin mutane. In ya kira, ka yi kamar ba ka sani ba. Maigidanmu na wurin aiki kuma ya yi ritaya, an yi masa taron ban kwana, ya tambaye ka har sau biyu.

To, buroshin. Shi ne ya fi ba ni aiki. Gashin da ke kansa ba ya moruwa, kuma na karanta cewa a zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya an samu sojoji da suka kamu da cutar antaraks, wata muguwar cutar dabbobi da ke kama mutane, ta hanyar buroshin aski na gashin doki da ba a tsabtace shi sosai ba. Na Kawu bai kai wannan tsufan ba, amma duk da haka na cire tsohon gashin gaba ɗaya, na wanke ramin, na manna sabon dunƙule na zaren roba. Mariƙin dai nasa ne, har da gurbin da babban yatsansa ya side. Masu abin sun fi yabon gashin wata dabba dangin dage, wai ya fi riƙe ruwa da ɗumi, akwai kuma na gashin alade wanda ni ban kusance shi ba. Na robar nan na zamani ya wadatar da ni, ga laushi ga saurin bushewa.

Sabulu kuwa, ban san akwai duniya guda a cikinsa ba. Kumfar gwangwani iska ce kawai. Sabulun aski na gaske, irin wanda ake haɗawa da kitse, in ka jiƙa buroshi ka murza a kansa, kana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo, sai ya ba ka kumfa mai kauri da santsi wadda reza ke zamewa a kai. Na fara da Arko na Turkiyya, yanzu na samu Tabac na Jamus. Abin mamaki, shi ma a 1959 aka fara fitar da ƙamshin Tabac ɗin, sa'an ƙarfen ne. Ranar da na fara buɗe shi na daɗe a tsaye, don wani abu a ƙamshin ya tuna mini da tawul ɗin Kawu. In na gama sai in wanke fuska da ruwan sanyi, in goga dunƙulen alif. Inda ya yi zafi, nan na matsa hannu, gobe sai in kiyaye.

Kusan minti ashirin nake ɗauka yanzu, ni da a da minti uku ya ishe ni. Uwargida ta ce na zama Kawu sak, har tawul a kafaɗa. Ban musa ba. Akwai safiyar da nake murza gindin ƙarfen, na ji wannan 'yar ƙarar da yake yi in ya kulle, sai na tuna ina yaro ina jin ta daga bakin ƙofa. Hawaye suka zo mini, da kumfa a fuska. Da tsohuwar zuma ake magani, haka yake yawan cewa in mun raina kayansa.

Yanzu hankalina ya fara karkata ga aska tsirara, irin wadda ake ƙerawa a Sheffield ta Ingila ko Solingen ta Jamus, wadda ake wasawa a dutse a goge a fata. Amma wannan sai hannuna ya ƙara faɗawa.

Ga roƙona. Na tuna Baba, mahaifinka, yana da irin wannan ƙarfen a cikin wani ƙaramin akwati mai jan ƙyalle a ciki. Don Allah ka sa a duba, kada a zubar. In an same shi, a juya kansa a karanto mini harafi da lambar da ke ƙasa, ni kuma in faɗa maka shekararsa. Ko ba za ka taɓa dajin naka ba, ka ajiye wa babban ɗanka, na ga gashin baki ya fara tsiro masa.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa autar ina sane da alkawarinmu.

Naka har kullum,
Abokinka