Gini kawai kuka gani a makarantar fim ta Amurka?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan rahotonku na ranar Juma'a game da makarantar koyon fim ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Gaskiya raina ya ɓaci. Shafi guda cur kuka cika da hotunan benaye da farfajiya, sannan marubucin ya rufe da kiran jami'o'inmu su yi koyi su gina irinsu. Gini dai, kullum gini!

Shi George Lucas ɗin da kuka yi ta yabo, mai fim ɗin Star Wars, da ya ba tsohuwar makarantarsa dala miliyan 175 a 2006, ai miliyan 75 kaɗai aka ware wa gini. Sauran miliyan 100 asusu aka zuba su, ana juyawa, ribar tana ɗaukar nauyin makarantar shekara da shekaru. Wato kaso mafi tsoka ba bulo da siminti ya tafi ba. Me ya hana wannan layi ɗaya samun wuri a shafinku? Kuma makarantar nan tun 1929 take koyar da fim, shekara 80 kenan kafin a buɗe waɗannan gine-gine a 2009. Shi kansa Lucas a tsofaffin ɗakunan ya yi karatu a shekarun 1960, kuma ya fito da sana'a a hannu.

Ni ganau ne, ba jiyau ba. Ina aji biyu a wata jami'a aka buɗe wa sashenmu sabon gini. Manya suka zo da jiniya, aka yanka kyalle, mu ɗalibai muka yi ta tafi har hannu ya yi ja, don mun ɗauka wahala ta ƙare. Akwai wata ƙofa da aka rubuta wa situdiyo da manyan haruffa. Ranar da masinja ya buɗe mana ita, babu komai a ciki sai wayoyi suna reto daga silin, da gidan zanzaro a kusurwa. Mu sama da sittin ne a aji, kyamara ɗaya, ita ma tana kulle a durowar shugaban sashe, sai ka rubuta takarda ka jira sati biyu. Ɗakin haɗa hoto kuwa kwamfutoci ne jere a cikin leda, ƙura ta kwanta a kansu har muna rubuta sunayenmu da yatsa. Babu wuta, janareta babu mai. Malaminmu, Allah Ya saka masa da alheri, da alli yake zana mana kyamara a allo, yana nuna inda haske yake shiga. Ya san aikinsa, kayan aiki ne aka hana shi. Malamin sauti kuwa har muka gama ba a ɗauko ba.

Da na fito da digiri, Titin Gidan Zu, matattarar masu shirya fim a Kano, na koma na zama yaron wani mai ɗaukar hoto da ko sakandare bai gama ba. Ina ɗaukar masa fitilu da ƙafar kyamara a lokeshan, yana koya mini abin da mahaifina ya sayar da amfanin gonarsa na shekara huɗu don in koya. Ranar farko da ya miƙo mini kyamara hannuna rawa yake yi, na rasa inda ake kunnawa, a gaban 'yan wasa. Har yau in na tuna sai in ji ƙwalla.

Shi ya sa nake roƙonku, ku daina zuga hukumomi da hotunan benaye. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mun ga yadda aka yi da ƙauyen fim na naira biliyan 3 da aka so ginawa a garin Kofa na jihar Kano a 2016: aka yi ta cacar baki kan wurin, da aka soke shi sai maganar horar da matasa ma ta bi ruwa. In da gaske kuke, ku tura wakili Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos da jami'o'in da suke koyar da fim, ya ƙirgo mana kyamara nawa ce ke aiki, ɗalibi nawa ke kanta, awa nawa ake samun wuta.

Sannan don Allah, Malam Edita, me ya samu lanƙwasar haruffa a jaridarku? A wannan shafin kaɗai an rubuta ƙofa babu lanƙwasa sau uku, ɗalibai ma haka. Yarana da jaridar nan suke koyon karatun Hausa, ku gyara.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Fagge, Kano